Takardar Da Na Jiƙa A Shayin Aje

Salamu alaikum mutanena. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto wai "Akerke in ba za ki ƙarasa mana labari ba ki faɗa mu kama gabanmu." Ki yi haƙuri 'yar'uwa, kwana ukun nan ni kaina ban san a wace duniya nake ba. Saura ƙiris saurayina ya zama yayana, kakana da ya shekara tara a kabari kuma ya zama maci amana, duk a kan takarda ɗaya da na jiƙa da hannuna.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Akerke, shekarata ashirin da bakwai, ina sayar da magani a wani kemis a nan Almaty ta ƙasar Kazakhstan. A hawa na huɗu muke, ni da Mama da kakata ta wajen uba, Aje. Baba yana can wajen aikin mai, sai wata-wata. A gida an san duk Lahadi ina zuwa ajin koyon girki, shekara uku ke nan. Gaskiyar magana kuwa ɗakin baya na shagon shayin ƙawata Olesya nake zuwa, in ja wa mutum uku wasan labari, cikinsu har da ita Olesya da wani Timur. Ni nake ƙirƙirar ƙasar da sarakunanta da dodanninta, su kuma kowa ya ɗauki jarumi guda ya faɗi abin da zai yi, in an yi shakka a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama. A teburin nan na haɗu da Darkan, makanikin lif na hawa bene, ɗan garin Semey, mutumin da ya raɗa wa jaruminsa suna Darkan ɗan Murat, wato sunansa da na babansa, wai shi kansa ba zai ɗauki suna biyu ba. Ina son sa, na gaji da ɓoye muku.

Tun ranar da Aje ta ji labarinsa ba ta tambayi albashinsa ba, ba ta tambayi yana da gida ba. Magana ɗaya ta yi.

"Ya rubuto min kakanninsa bakwai."

A wajenmu in kika haɗa kaka da namiji a cikin bakwai ɗin nan, ɗan'uwanki ne na jini, zancen aure ya mutu murus. Sati uku Darkan yana min kwana-kwana, don huɗu kawai ya sani, sauran suna kan wani baffansa a ƙauye wanda wayarsa ba ta shiga sai ya hau tudu.

To, masu tambayata yadda nake shirya zama, ga shi kyauta. Kar ki wahalar da kanki da rubuta duk abin da zai faru, 'yan wasa ba su taɓa bin hanyar da kika share musu. Ki tanadi wurare, ki tanadi mutane da abin da kowannensu yake so, ki ajiye jerin sunaye a gefe, don sai sun tambaye ki sunan mai gadin rijiya kin rasa. Sannan ki ba su wani abu da za su riƙe a hannu. Wannan na ƙarshen shi ya kusa kashe min aure tun ba a ɗaura ba.

Wata takwas 'yan wasana suna farautar wani gawurtaccen ɓarawon dawaki mai suna Sarsenbai, kuma Lahadin nan ce za su cim masa. Na shirya musu abin da zai kada su: jarumin Darkan zai tsinci tsohuwar takardar asalinsa, ya ga ashe ɓarawon kakan babansa ne. Ranar Juma'a da safe kafin in tafi aiki na zauna a falo zan rubuta, ina buƙatar tsofaffin sunaye masu nauyi. Na ɗaga kai. Ga kakanninmu bakwai a bango cikin firam mai ruwan zinare, kusa da hoton kakana Sagindik da hularsa ta direban jirgin ƙasa. Dama can daga bangon nan na ɗauko sunan Sarsenbai, mahaifin kakan nawa ne. Na ce to tunda an fara a ƙarasa. Na kwafe su tas na jona da sunan jarumin: Darkan ɗan Murat, ɗan Sagindik, ɗan Sarsenbai, har sama.

Na rubuta da alƙalamin tawada, na jiƙa a shayi mai kauri, na busar, na ɗan ƙona gefunan da kyandir, na ninke har ta yi laushi. Wallahi ta yi kyau, ka ce daga akwatin wata tsohuwa aka ciro ta. Na sa a ambulan, na rubuta "Darkan" a baya don kar in haɗa da na sauran, na ajiye a bakin tagar ɗakina na fice da gudu.

Da yamma ina buɗe ƙofa warin maganin kwantar da zuciya ya dake ni. Mama na tsaye a bakin kicin da ludayi, ta zaro min ido. Aje na zaune a tsakiyar kujera da farin ɗankwalinta da koren falmaran na karan-miski, wanda ba ta sawa sai biki ko rasuwa. Hoton kakana an juya fuskarsa bango. Ambulan ɗina na kan cinyarta a buɗe.

"Zo nan, 'yar raƙumata," ta ce, murya na rawa. "Tun yaushe ya ba ki kika ɓoye min?"

"Aje, wannan takardar ba..."

"Na sani, tausayina kika ji. Shekara talatin mutumin nan yana jan jirgi tsakanin nan da Semey. Ya dawo ya ce min dusar ƙanƙara ta tare hanya, sun kwana biyu. Ni kuma in dafa masa romo ina masa sannu!" Ta juya ta harari bayan hoton. "Ashe dusar ƙanƙarar har suna gare ta, Murat!"

"Dama na ce kunnuwan yaron nan sun min kama da na wani," in ji Mama.

"Mama!"

"To ƙarya na yi? Dubi yadda suka buɗe."

Na san me za ku ce, me ya hana ni faɗin gaskiya a take. Ku sa kanku a matsayina. In na buɗe baki sai na ce shekara uku babu wani ajin girki, sannan in ce na mayar da surukin Aje ɓarawon doki. Mutumin da tunda aka kawo ta gidan tana 'yar sha takwas ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "Mai Farin Doki". Tsoro ya kama ni, na ce bari in bari ta huce tukuna. Na shige ɗaki na rarumi waya, don dama gobe Asabar aka sa wa Darkan ya zo gida shan shayi.

"Gobe kar ka zo shan shayin nan," na rubuta wa Darkan.

"Na riga na sayi cakulan da tuffa. Har taye na aro."

"Ka cinye abinka. Kar ka zo."

"Aje da kanta ta kira ni yanzu ta ce lallai in zo. Tana kuka ma. Alama ce mai kyau ko?"

Na kife wayar na ce na shiga uku.

Asabar ƙarfe huɗu ya iso, cikin kwat mai ruwan toka da ta matse shi a kafaɗa, gashi ya sha mai. Ni na sa doguwar rigata shuɗiya, na yi kwalliya na goge sau biyu. An cika tebur da baursak mai zafi, soyayyen fanken nan namu, da naman doki yanka-yanka, da busasshen cuku da zuma. Yana cire takalmi Aje ta kama kansa da hannu biyu, ta juya shi dama ta juya shi hagu, ta fashe da kuka.

"Kunnuwan ne. Wayyo, kunnuwan ne!"

Darkan ya dube ni ta saman kafaɗarta yana murmushi, har da ɗaga min babban yatsa.

Aka zauna. Aje ta ɗauki butar shayi ta zuba masa, ta yi ta zubawa har ya zo bakin kofi yana neman zuba. Murmushinsa ya ɗauke. A wajenmu ko yaron goye ya san baƙon da ake so kaɗan ake zuba masa a gindin kofi, don a yi ta ƙara masa hira na tafiya. In aka cika maka, an sallame ka.

"Wannan na mai neman aure ne," in ji Aje. "Shanye ka tashi. In ka dawo a matsayin jikan gidan nan, za a zuba maka irin na gida. Ga ƙanwarka nan, daga yau ka riƙa sa mata ido."

"Ƙanwa...? Aje, ban gane ba."

Ta miƙa masa takardar. Na rufe ido ina jiran ya ruɗe. Ina! Mutumin nan yana ganin gefe a ƙone ya gane aikina ne. Ya karanta, idonsa ya yi waje, ya doki tebur har cokula suka yi tsalle.

"Kai! Ashe Sarsenbai kakana ne? Akerke, ba ki da kirki! Wata takwas muna neman mutumin nan mu kashe shi!"

Ludayin Mama ya faɗi ƙasa. Aje ta dafe ƙirji.

"Ku kashe wa?"

"Ɓarawon dawakin mana, Aje. Gobe ma muka shirya za mu ritsa shi a kogo, ni da Timur da Olesya."

"Bawan Allahn da ya rasu shekara hamsin da suka wuce?"

Sai a lokacin ya lura da fuskata. Ya ajiye takardar a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ni kuwa na ga babu sauran wurin ɓuya, na zamo daga kujera na durƙusa na zayyane komai, tun daga ajin girki har kyandir. Ina yi ina kuka, majina da kwalli sun haɗu.

"Shi ya sa," in ji Mama. "Shekara uku, ko kwaɓin fulawa ba ta iya ba, ina ta zagin malamarsu."

Aje ta miƙa hannu. Ta ɗauki takardar ta kai hanci ta shinshina.

"Shayina na biki. Wanda na ɓoye a bayan shinkafa."

Ta miƙe ta je ta juyo da hoton kakana, ta goge gilashin da hannun riga. "Ka yi haƙuri," ta ce masa, "amma kai ma da ba ka cika kwana a hanya ba da ban yarda ba." Sannan ta waiwayo kaina, kuma wallahi gara kukan da wannan kallon.

"Shekara hamsin da shida a gidan nan bakina bai taɓa furta sunan Mai Farin Doki ba. Ke kin ɗauke shi kin kai kanti, ana kiransa gatsal ana jefa masa 'yar caca."

"Ba caca ba ce Aje, ba a sa ko sisi."

"To ba riba ma? Zagin kawai kuke yi a kyauta?" Ta dubi Darkan. "Kai kuma har yanzu ban ga bakwai ɗinka ba, kofinka yana nan a cike. Gobe da ni za a je ajin girkin. In na ga abin da kuke masa bai min ba, ko kakanninka sarakuna ne ba ka samun ta."

Lahadi da azahar muka shiga ɗakin bayan Olesya, Aje a gaba da jaka, ni a baya kamar wadda za a kai kotu. Na shimfiɗa taswirar kogon da na zana, na kafa kwalin da nake ɓoye takarduna a bayansa. Shafi goma sha ɗaya na shirya: tarko uku, maharba a saman dutse, da jawabin mugunta da ɓarawon zai yi kafin a sare shi. Aje ta ja kujera ta zauna a gefena, ta ɗauki ɗan lidon ta juya shi.

"Wannan ƙashin wace dabba ce?"

"Roba ce, Aje."

Ta taɓe baki. "Ni zan yi maganar dattijon. Ke ki yi ta iska da duwatsu."

Na fara da murya na rawa: ga kogo, ga wuta na ci, ga tsoho zaune shi kaɗai. Timur, likitan haƙori ne, jaruminsa bai taɓa ganin ƙofa bai doka ta da ƙafa ba. Ya miƙe tsaye da ɗan lido a hannu.

"Na zare takobi na afka masa!"

"Ka cire takalmi?" in ji Aje.

"Na'am?"

"Ka shigo wurin dattijo ba sallama, da takalmi da ƙarfe a hannu. Ɗan gidan uban wa ne kai? Jero min bakwai ɗinka."

Timur ya dube ni neman ceto, na sunkuyar da kai. Ya fara jero nasa na gaske, ya kai uku ya cije.

"Fita ka riƙe dawakai. Manya za su yi magana."

Ƙato da gemunsa ya koma ya zauna ya naɗe hannu. Olesya ta cusa fuska a gyale tana shaƙewa da dariya. Darkan kuwa ya gyara zama, ya sa hannun dama a ƙirji, ya yi sallama yadda ake yi wa tsofaffi, ya ce jaruminsa ya ajiye makami a bakin kogo ya durƙusa.

"Kaka, an ce jininka ne ni. Me ya sa ka saci dawakan?"

A shafi na tara na rubuta amsar, wai don zinare. Na miƙa wa Aje takardar, ta ture hannuna. Da ta buɗe baki muryarta ta sauya, ta yi ƙasa.

"Na sata, ban musa ba. Shekarar yunwa ce. Aka zo da takarda da bindiga aka kore mana dabbobi kaf, har akuyar da marayu ke sha. Kafin sanyi ya raba mun binne yara goma sha huɗu, biyu nawa ne. Sai na bi sawu kwana uku a ƙafa, na kwanto goɗiya tara daga inda aka tsare su, na koro su ta cikin kwari. Ban sayar da ko ɗaya ba. Nononsu da namansu gida goma sha ɗaya suka ci suka ga bazara. Na hau farin ne a gaba don sauran su bi shi. In wannan ne laifin da kuka zo yanka ni a kai, ga wuyan."

Ni ban taɓa jin labarin nan ba, na tabbata ko Baba bai taɓa ji ba. Ashe shekara da shekaru yana cikinta, ba ta da hanyar ba da shi ba tare da ta kama sunan surukinta ba, sai yau da aka ce ta zama shi. Kunya ta rufe ni, ga wani irin son tsohuwar nan da ya cika min ƙirji. Na tattara shafukana goma sha ɗaya na tura ƙarƙashin jaka.

"Jarumina ya tsaya a gabansa," in ji Darkan, idonsa ya yi ja. "Duk mai taɓa shi sai ya bi ta kaina."

"Ni dai ina waje ina riƙe da dawakai," in ji Timur.

Aje ta share ido da gefen ɗankwali, ta koma Ajenta. "To an gama wasa. Bakwai ɗinka na gaskiya."

Darkan ya buɗe tafin hannunsa, ga sunaye da biro, gumi ya cinye rabinsu. Ya lalubo waya da sauri. Ashe da sassafe ya sa aka kora baffan nasa kan tudu. Murya ta fashe a ɗakin, ga iska ga kukan tumaki: "Kana ji na? Murat! Kabdesh! Orazgali! Kai kore min tunkiyar nan! Baimukan! Tasbolat! Esenkul! Karatai! In yarinyar ta ƙi ka, ka dawo da kuɗin motata, hawan tudun nan ba wasa ba ne!"

Aje na lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, bakinta na motsi, tana gwada su da namu. Da ta kai na bakwai ta sa aka sake kunnawa. Sannan ta miƙa hannu ta karɓi butar shayi daga wajen Olesya, ta jawo kofin Darkan, ta tsiyaya masa ɗan kaɗan, ko gindin kofin bai gama rufewa ba.

"Sha," ta ce. "Akwai ƙari."

Darkan ya riƙe kofin da hannu biyu yana kallonsa, ya kasa sha. Ni kuwa na ɓoye fuska a bayan kwalina na yi kukana mai daɗi.

A motar komawa gida Aje na gefen taga, ɗan lidona mai fuska ashirin na cikin aljihun falmaranta, ta ce Lahadi mai zuwa a sa mata kujera mai matashi. Ina cikin jin duniya ta dawo daidai wayata ta yi ƙara. Darkan ne.

"Kin tuna takardar da kika ba jarumina watan jiya? Ta aurensa da 'yar sarkin tafki, mai shaidu biyu da dangwalen yatsa?"

"Na tuna. Me ya faru?"

"A aljihun rigar sanyina na bar ta da na je Semey. Mamata ta zo wanki. Ta riga ta hau jirgi, gobe da hantsi tana Almaty. Wai sai ta ga matar da na aura a ɓoye, da kuma wadda take shirin lalata mata auren ɗa."

Na ɗago a hankali. Aje ta sa tabarau, kanta na kan kafaɗata, ta karanta tas. Ta zare tabaran ta ninke, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ita kuma wannan da wane shayin kika jiƙa ta?"